Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Risibar Dijital Da Sauran Abin Da Muka Yi A Fili

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, dattawan ƙungiya, yayye da ƙanne masu tuƙa jirage marasa matuƙa ta tabarau mai nuna abin da kyamarar jirgi ke gani, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar lafiya. Ni sakatare aka ɗora wa rubuta wannan rahoto a madadin kwamiti. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi dalla-dalla a babban taro, don haka ba zan taɓa shi ba sai inda zance ya tilasta.

Fitowa fili ta tafi daidai gwargwado. Da hunturu mun fita kusan kowace Asabar, duk da ƙurar da ke kwanciya a kan gilashin kyamara har mutum ya zaci tabaraunsa ne ya lalace. Da azumi muka mayar da fita zuwa bayan sallar Asuba. Da damina kuwa mun fi zama a rumfa, ana koyon liƙin dalma da saita Betaflight, manhajar da ke sarrafa tashin jirgi. Ba a samu rauni ko ɗaya ba, alhamdu lillahi, sai farfela da aka karya ba adadi.

Abin da ya cinye mana shekarar shi ne maganar risiba, kuma a kanta zan daɗe.

Ga sababbin shiga: a jikin jirgi akwai kyamara da na'urar tura hoto, a ƙasa kuma akwai risiba, wadda ke kama hoton daga iska ta miƙa wa idon matuƙi. Mafi yawanmu da analog muka fara, a zangon 5.8 GHz, kuma har gobe shi ne mafi araha. Kowace risibar analog tana kama kowane jirgin analog, ko da wane kamfani ya ƙera su. Dijital bai san wannan zumunci ba. Tun da DJI ya fito da tsarinsa a 2019, kowane kamfani ya kama nasa yaren. Risibar HDZero ba ta jin Walksnail, ta Walksnail ba ta jin DJI. Shi DJI ma ba ya sayar wa masu irin jiragenmu risiba ita kaɗai. Tana cikin tabaraunsa, in kana son hotonsa sai ka sayi tabarau sukutum.

Wannan ne ya so ya raba mana kai. Waɗanda Allah ya hore wa sun sayi tabaraun DJI da O3, wato kyamara da na'urar tura hoto ta DJI da ta fito a ƙarshen 2022, wasu har sun kai ga O4 na farkon 2025. Hotonsu abin kallo ne, babu mai musu. Amma sai ya zama a fili kowa ya sa tabaraunsa ya shige duniyarsa shi kaɗai, ƙannenmu masu analog suna tsaye suna kallon sama, ba su ganin abin da manya ke gani. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin kayan nan ya yi tashin gwauron zabo, kuma cewa yaro ɗan makaranta ya je ya sayi tabaraun ɗaruruwan daloli daidai yake da ce masa ya bar ƙungiya. Kwamiti ya ƙi yarda da haka.

Shawarar da aka yanke ita ce a sayi risiba mai zaman kanta da kuɗin asusu, ta zama ta kowa. Irin wannan risiba tana fitar da hoto ta wayar HDMI, saboda haka duk mai tsohon tabarau mai ƙofar HDMI, kamar Fat Shark HDO2 ko Skyzone SKY04X, zai maƙala ta ya ga dijital ba tare da ya jefar da kayansa ba. Masu tabaraun akwati irin EV800D ba su da wannan ƙofa, to su sai muka haɗa musu ƙaramin talabijin a inuwa, ana ba shi wuta da batir da inbata.

An sha muhawara tsakanin HDZero da Walksnail, har zama biyu aka yi ba a tashi da matsaya ba, kafin daga ƙarshe aka sayi HDZero. Ya kamata in bayyana bambancin sosai, domin har yanzu wasu na ganin son rai ne ya sa aka fara da HDZero.

Walksnail, wanda kamfanin Caddx ya fito da shi a 2022, hanyarsa irin ta DJI ce: jirgi da risiba suna magana da juna. Idan wani yanki na hoton ya ɓace a hanya, risiba za ta nemi a sake turo shi. Shi ya sa hoton yake fes, amma jinkirinsa ba ya tsayawa wuri guda. Sigina na rauni, jinkiri na ƙaruwa, hoto ya fara dusashewa, wani lokaci ya daskare gaba ɗaya. HDZero kuwa, wanda a da aka sani da suna Shark Byte a hannun Fat Shark, watsawa kawai yake yi kamar gidan rediyo. Abin da ya iso ya iso, wanda ya ɓace ya tafi. Idan sigina ta yi rauni za ka ga ɗige-ɗige masu walƙiya suna cika allo, kusan kamar dishi-dishin analog, amma abin da kake gani shi ne abin da ke faruwa a lokacin, jinkirin ba ya canjawa.

Wani zai ce mene ne jinkirin milisakan talatin? To a lissafa. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Jinkirin milisakan 30 na nufin jirgin ya riga ya wuce inda kake ganinsa da fiye da santimita 80. Hannu yana sabawa da jinkirin da ba ya motsi. Wanda yake hawa da sauka shi ke sa mutum ya daki ƙofar tsere. Ba banza ba masu tsere a ƙasashen waje suka fi karkata ga HDZero.

Amma hujjar da ta rinjaye ni ba ta tsere ba ce. Tun da HDZero watsawa yake yi, duk wata risibarsa da aka murɗa zuwa tashar za ta kama hoton, ba sai an ɗaura ta da jirgin ba. Ma'ana malami yana tuƙi, ɗalibai na kallo a talabijin, kuma in ɗalibi ya karɓa malami yana ganin kuskurensa tun kafin ya kai ƙasa. A ranar da muka fara gwadawa, na ga yaran unguwar da suka saba tsayawa nesa sun matso sun yi da'ira a gaban allon. Da jirgin ya kurɗa tsakanin darbejiya biyu, gaba ɗayansu suka sunkuyar da kai lokaci guda, kamar reshen zai same su. Wani dattijo da ke kiwo a gefen filin ya zo ya tsaya, ya ga awakinsa daga sama, ya ƙirga su da yatsa a jikin allon ya ce sun cika.

Daga baya wani yayanmu ya ba da aron risibar Walksnail tasa, muka gwada ta a kan tabarau daban-daban. Hotonta ya fi kyau ga mai yawon shaƙatawa da mai ɗaukar bidiyo. Sai dai mun lura cewa wasu tsofaffin tabarau suna ƙara nasu jinkirin idan hoto ya shigo ta HDMI, don haka duk mai niyyar saye ya zo ya gwada da nasa tukuna.

Dole in faɗi kuskurena, domin kada wani ya maimaita. Eriyar da muke amfani da su iri biyu ce ta fuskar murɗawar sigina, ta dama wato RHCP, da ta hagu wato LHCP. Analog da HDZero galibi ta dama ake sa musu, DJI da Walksnail kuma da ta hagu suke zuwa. Wata Asabar ina sauri na ɗebo eriyar hagu daga jakar wani na ɗaura wa risibar ƙungiya, alhali jirgin na ɗauke da ta dama. A kusa hoto lafiya lau. Ina zagayawa bayan bishiya allon ya cika da walƙiya, kafin in ankara jirgin ya maƙale a reshe, sai da aka nemo gora aka zungure shi. Kyamarar ta fashe, kuma na biya daga aljihuna. Tun ranar muka naɗa wa eriyar dama jan tef, ta hagu kuma shuɗi. A kuma duba bakin eriya kafin a murɗa: SMA da RP-SMA suna ɗauruwa da juna tsaf, amma za a iya samun duka biyun babu allura a tsakiya, sai a zauna ana zargin risiba alhali babu abin da ya haɗu.

Zafi ma ya koya mana hankali. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, na'urar tura hoto ta dijital ba ta jure zama a ƙasa a kunne babu iskar farfela. Yanzu doka ce: ba a sa batir sai an shirya tashi, in kuma saiti ake yi a sa ƙaramar fanka. Kada a kunna ta babu eriya. Sannan manhajar cikin risiba da ta jirgi su zama zubi ɗaya. Rabin "ba ya kawo hoto" da aka kawo mana bana daga nan yake.

Kan rabon tasha, Raceband, jerin tashoshin da aka ware don tsere, na da takwas, daga R1 a 5658 zuwa R8 a 5917 MHz, da tazarar 37 a tsakani. Mun tsayar da cewa in ana tashi tare kowa ya sauko da ƙarfin na'urar tura hotonsa zuwa 25 mW, kuma babu mai kunna jirgi sai ya faɗi tasharsa da ƙarfi an amsa masa. Sau da yawa mai kunnawa a kusa da matuƙa shi ke makantar da wanda jirginsa ke nesa.

Ƙannenmu masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun ɗauki wani aiki da ya faranta mini rai. Sun shiga gwajin OpenIPC, tsarin da manhajarsa a buɗe take ga kowa. Da adaftar Wi-Fi mai ɗauke da RTL8812AU da wayar Android mai manhajar PixelPilot suka haɗa risiba, hoto kuma ya fito. Jinkirinsa bai dace da tsere ba tukuna, saitinsa kuma na cin lokaci, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na sauran tsarin dijital ba. Kwamiti na ganin a tallafa musu da kaya a shekara mai zuwa.

Sai maganar doka. A 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin jirgi mara matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma a farkon 2025 sojoji sun hana tashinsu a Arewa maso Gabas, don haka masu tafiya Maiduguri ko Damaturu su bar jirgi a gida. Ba ma wuce ƙafa 400, ba ma kusantar filin jirgin Malam Aminu Kano ko bariki, ba ma bi ta saman gidajen mutane. Hoton dijital yana nuna tsakar gida tar, kuma mutuncin iyalin maƙwabci ya fi mana kowane bidiyo. Mai tabarau ba ya ganin gefensa, shi ya sa dole a samu mai tsaya masa yana bin jirgin da ido. Muna godiya ga mai unguwa da ya ci gaba da lamunce mana filin.

Abin da ba mu cim ma ba: gasar cikin gida da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, domin risiba ɗaya ba ta nuna jirage huɗu lokaci guda. HDZero na da wadda aka yi don taron tsere, mai kama tasha huɗu, analog da dijital ɗin HDZero, kuma za a kawo maganar sayenta gaban taro don ku yanke. Haka kuma har yau babu mace ko ɗaya a cikin masu tuƙi, duk da wasu 'yan'uwanmu mata ɗalibai sun nemi a ware musu lokacin koyo. Wannan ma yana cikin ajanda.

Mai zuwa taro ya taho da tabaraunsa da wayar HDMI ɗinsa, za a gwada wa kowa a kan risibar ƙungiya kafin a zauna. Wanda ke riƙe da eriyar aro mai jan tef ya dawo da ita.

Wassalamu alaikum.
Sakatare, a madadin kwamiti.