Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Legas kan yara masu ciwon sukari

Mai girma Kwamishina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce da ke rainon yaro mai ciwon sukari nau'in farko a Agege, kuma na san irina da dama a Idi-Araba da Mile 12. Roƙona shi ne a sanya na'urar auna sukari, wadda ake liƙa wa yaro a jiki, cikin inshorar lafiya ta jiha, wato Ilera Eko, ko da da 'yan ƙasa da shekara 10 za a fara.

Ranka ya daɗe, yaran nan ba shan zaƙi ne ya jawo musu ba. Jikinsu ne ya daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, dole sai da allura kullum. Wahalar ita ce ɗan shekara 3 ba ya cin abinci a kan ƙa'ida. Za a yi masa allura da zaton zai cinye tuwonsa, ya yi loma biyu ya ture kwano, ya fita wasa. Kafin a ankara sukarin ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin sukari, wato ya yi ƙasa da yawa, shi kuwa ba shi da bakin cewa jiri yake ji. Sai dai a ga ya yi laƙwas, gumi na keto masa, wani lokaci har da jijjiga, maƙwabta su ce iska ce. In cikin barci abin ya same shi, wa zai gani? Shi ya sa muke tashi tsakar dare mu huda yatsan yaro, mu koma mu kwanta da fargaba, domin gwajin yatsa halin wannan lokacin kaɗai yake nunawa.

Ita na'urar tana da siririn tsinke da ke zama ƙarƙashin fata, tana auna sukari dare da rana, tana tura sakamako zuwa waya. Samfurin da ake kira Dexcom G6 na aikowa duk minti 5 har kwana 10, wani samfurin mai suna FreeStyle Libre kuma na yin kwana 14. Akwai kibiya mai nuna ko sukarin hawa yake yi ko sauka, akwai kuma masu ƙara da ke tayar da uwa tun abin bai yi muni ba. Likita ma yana iya ganin tsawon lokacin da sukarin ya zauna tsakanin 70 da 180, wato inda ake so ya kasance, ya daidaita allura da hujja. Akwai famfon insulin da ke aiki tare da ita, amma ba shi nake roƙo yanzu ba.

Daga waje ake shigo da na'urar auna sukarin, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ta fi ƙarfin uban da ke sayar da albasa a Mile 12 ko mahauci a Oko-Oba. Idan jiha ta saya da yawa a lokaci guda, farashin zai sauko. A ganina hakan ya fi sauƙi a kan kwantar da yaro a sume a sashen gaggawa.

Na'ura kaɗai ba ta isa ba. Akwai ƙwararrun likitocin yara a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH, amma uwar da ba ta jin Turanci ko Yarbanci takan fito daga wurin likita ba ta gane rabin bayanin ba. A samar da masu koyarwa da Hausa: yadda ake karanta kibiyar, abin da za a ba yaro in sukari ya sauka, da yadda ake adana insulin a sanyin randa idan an ɗauke wuta, tunda zafi na kashe masa ƙarfi. A kuma umarci ƙananan asibitocin unguwanni su gwada sukarin duk yaron da ya zo da yawan ƙishirwa, rama da sabon fitsarin kwance, kafin a rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon sukari ta duniya. Ina roƙon ka kira mu iyaye kafin ranar, ka saurare mu.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya.

Wata uwa daga Agege, Legas