Roƙon Tallafi: Mu Kai Intanet Hawa Uku na Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, tsofaffin ɗalibai, da sauran 'yan uwa mazauna Bolari da kewaye a nan Gombe, kwamitin iyaye da malamai ne ya sake zuwa da ƙoƙon bararsa. Da gumin ku aka ɗora benen nan har hawa uku, ku ne kuma kuka saya mana kwamfutocin da ke ɗakin sama. Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage shi ne a haɗa kwamfutocin da juna, a kuma kai musu intanet.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Yaro zai iya haddace littafinsa tsaf, ya shiga ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa don bai saba da linzamin kwamfuta ba. Muna so yaranmu su saba tun a gida.

A halin yanzu rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ɗaya ce tal a ofishin shugaban makaranta, a ƙasa. Malamin da ke hawa na biyu sai ya fito baranda ya miƙa waya sama kafin ya samu sigina, na hawa na uku kuwa ya haƙura. Laifin ba na rautar ba ne. Tsakanin hawa da hawa akwai kankare mai kauri da aka shimfiɗa rodi a cikinsa, kuma siginar Wi-Fi ba ta jituwa da ƙarfe da kankare. Zangon sigina biyu aka fi amfani da su: na 2.4 GHz yana ɗan ratsa bango amma ga cunkoso da nawa, na 5 GHz yana da sauri sai dai bango biyu ko uku sun isa su kashe shi.

A taron da ya gabata wani dattijonmu ya ce a sayo babbar rauta mai ƙahoni da yawa a huta. Wani ya kawo shawarar ƙananan na'urorin nan da ake maƙalawa a soket su ƙara nisan sigina. Mun auna duka biyun. Ko rauta ta kai ƙarfin me, wayar da ke hannun malami ita ma sai ta mayar da amsa, kuma muryarta ba ta kai ta rautar ba. Su kuwa na soket, da baki ɗaya suke karɓa suke mayarwa, don haka kusan rabin saurin ke zubewa a hanya. Araha ce irin wadda ba ta ado.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce kebul. Za a ajiye rauta da suwic, wato na'urar da ke rarraba layuka, cikin akwati mai kulle a hawa na tsakiya, don kada wani layi ya yi tsawo fiye da kima. Irin kebul ɗin intanet da ake kira Cat6 yana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, iyakarsa ke nan. Daga suwic ɗin kowace kwamfutar ɗakin sama za ta samu nata layin, domin ranar gwajin jarrabawa ba ma son aji guda su yi ta wawar sigina ɗaya. Sannan kowane hawa za a kafa masa na'urar watsa Wi-Fi a silin ɗin baranda, ita ma da kebul ɗinta, dukansu da suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, malami ya hau ya sauka ba tare da ya sake shigar da komai ba. Suwic ɗin da muke nema irin mai PoE ne, wanda ke tura wuta ta cikin kebul ɗin da ke ɗauke da data. Ba sai an ja wa kowace na'ura wayarin daban ba, kuma idan aka jona akwatin da inbata da batirin sola, ko an ɗauke wuta intanet ɗin duk benen na aiki.

Za ku ga kebul ya ci kaso mai tsoka a lissafin, kuma da gangan ne. Kasuwa cike take da mai arha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. A ido ba ka bambance su, amma yana saurin karyewa, yana kuma zafi idan aka bi da wuta ta cikinsa. Abin da za a binne a bututu cikin bango gara a sa na jan ƙarfe zalla sau ɗaya. Rauta ana iya canza ta gobe, fasa bango kuwa ba wasa ba ne. Mun kuma sa kuɗin na'urar kariya da sandar da ake kafawa a ƙasa saboda tsawar damina.

Wasu iyaye mata sun tambaye mu, kuma tambayarsu na kan hanya: ba ƙofar ɓarna za mu buɗe wa yara ba? Layin ɗalibai daban zai kasance da na malamai, da matatar intanet mai toshe shafukan banza, kuma ana kashe shi da an tashi.

Kowa ya ba da gwargwadon ikonsa. Mai hali zai iya ɗaukar nauyin kwalin kebul guda, mita 305 ke ciki, ko na'urar hawa ɗaya, ya zame masa sadaka mai gudana ko ya yi wa iyayensa da suka rigaye mu. Wanda ke son kawo kaya maimakon kuɗi, don Allah ya fara ganin kwamiti, kada a sayo abin da ba zai shiga tsarin ba. Tsofaffin ɗalibanmu masu aikin wayarin da na kwamfuta, hannunku ma gudummawa ce babba.

An manna cikakken lissafin a allon sanarwa na makaranta. Ma'ajin kwamiti na zama a ofis kullum bayan sallar La'asar, kuma kada kowa ya ba da ko sisi ba tare da an yanka masa rasit ba. Muna son a yi huda bango da jan kebul a lokacin hutu, sa'ad da azuzuwa ba kowa, don haka muna roƙon a hanzarta kafin a rufe zangon nan.

Allah ya buɗa wa kowa, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Kwamitin Iyaye da Malamai