Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Koyon Zanen Fentin Ruwa a Kano

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa mambobi maza da mata, ga abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare.

Zaman Asabar da safe bai yanke ba sai a watan azumi, da kowa ya koma yin atisaye a gida. Tsarinmu shi ne ƙaramin zane a kowane zama, da launuka uku kacal: ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Wasu sun yi gunaguni da farko, amma yanzu su ne ke haɗa kore da ruwan ƙasa da hannunsu. Littattafan zanen masu zuwa a kai a kai sun isa shaida. Masu leƙowa jefi-jefi kuwa har yau ruwa na fin ƙarfin buroshinsu.

Yanayi ya koya mana fiye da yadda muka zata. Da hunturu, kafin ka kai ƙarshen takarda farkonta ya bushe, sai sararin samaniya ya fito da layi-layi. Muka koyi jiƙa takarda tukuna, da dama fenti mai yawa kafin a fara, da karkata allon zane don ruwan ya riƙa gangarowa. Da damina kuma haƙuri ake bukata, domin wanda ya ɗora launi na biyu kafin na farko ya bushe, taɓo zai samu.

Takarda ce ta fi cin kuɗin asusu. Ta ofis mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita tana yamutsewa da zarar ta sha ruwa, don haka muka sayo mai giram 300 a dunƙule muka yayyanka. A ganin kwamiti, gara fenti mai araha a kan takarda mai kyau da akasin haka.

Mun fita zane a marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da Dutsen Dala. Shuɗin baba a bakin rijiyoyin rini ya wahalar da kowa.

Mun kuma gwada haɗa fentinmu. Ƙaro ne ke riƙe launi a fentin ruwa, wato dai ƙaron da ake sa wa tawadar allo, wanda ake samu a Jigawa da Yobe da Borno. Muka niƙa jar ƙasa, muka dama da ruwan ƙaro da ɗan zuma. Launin ya yi kyau, sai dai abin da muka ajiye ya yi funfuna da damina.

A shekara mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu baje kolin ayyukanmu, kuma kowane mamba zai kawo zanensa na farko tare da na ƙarshe. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga ma'aji kafin zama na gaba.

Sakataren ƙungiya