Amsa ga Alhajin da ya ce maganaɗisun Bature nake talla

Alhaji, ina gaisuwa. A shirinka na rediyo ka ambace ni, ka tambaya duk Zangon Kumasi na ji: tun yaushe maganaɗisu ya zama maganin baƙin ciki, kuma nawa ake biyana in raba mutane da tawakkali? Zancen kuɗi ba zan tsaya a kansa ba. Unguwannin Aboabo da Asawase sun san gidanmu, sun san abin da ma'aikaciyar jinya take ɗauka a wata.

Abin da ya ci mini rai shi ne cewar da ka yi mai ciwon damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Matan da nake dubawa sun ji ka, Alhaji, kuma masu sallar dare ne.

Ga abin da na faɗa. Ƙwaƙwalwa tana sauyawa, mahaɗar jijiyoyinta na ƙara ƙarfi ko su saki, da haka ma yaro yake hadda. Ana kuma auna wannan. A 1985 wani mai bincike, Anthony Barker, ya nuna na'urar maganaɗisun a Sheffield ta Ingila. Za a ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan mutum yana zaune idonsa biyu, ta saki bugun maganaɗisu, sai ka ga babban yatsansa ya zabura da kansa. Ƙarfin da aka sa kafin yatsan ya motsa shi ke nuna saurin amsawar saman ƙwaƙwalwa. Da masu bincike suka gwada ko wannan amsawar za ta ƙaru bayan an yi ta tsokanar jijiyoyin wurin, sai suka ga a masu tsananin damuwa sauyin ya yi ƙasa, yakan kuma farfaɗo in sun samu sauƙi. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa yin bugun ta gefen hagu na gaban kai ga wanda ƙwaya ba ta yi wa aiki ba. Ba kowa yake warkewa ba, ban kuma ce a bar addu'a ba.

Mu nan Ghana ma ina muka kai ga na'ura? Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, Accra, Pantang da Ankaful, duk can kudu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tana nan tun 2012, amma har yau ana kulle 'ya'yanmu a ɗaki don gudun surutu, ana kawo mana su sai abin ya yi nisa. Magana irin taka ce take ƙara wa iyaye wannan kunyar.

Ni na kawo nawa ma'aunin. Kwalbar da kake tallatawa a ƙarshen kowane shiri, wa ya gwada ta, a kan mutum nawa?