Wasiƙar Godiya ga Warshar Gyaran Lantarki ta Kasuwar Kasala

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bashmuhandis, babban injiniya, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da yaran warsharka, na rubuto wannan wasiƙa a madadin manoman da muke shan ruwan rijiya ɗaya a lambunan ban ruwa da ake kira sawagi na bakin Kogin Gash, kuma na zaɓi in yi ta a bainar jama'a domin 'yan'uwanmu Hausawa na Kasala da Gadarif su san inda za su nufa idan irin larurarmu ta same su.

Tankin da muke tara ruwa yana nesa da rijiyar, kuma tun zamanin iyayenmu akwai akwati a gindinsa da ke auna ruwa, ya aika labari ta wayar tagulla mai igiya biyu zuwa wani akwati a ɗakin babur, wato injin ban ruwa, kamar yadda ake kiransa a nan, ba abin hawan da mutanen Kano suka sani ba. A daminar da ta wuce tsawa ta faɗa kusa da tankin, akwatin ya yi shiru, muka koma aiken yaro a kan jaki ya leƙa tanki ya dawo, albasa da ayaba kuwa ba su san uzuri ba. Masu gyara biyu sun duba, sun gano cewa guntun modem ɗin, wato abin da ke mayar da saƙo amo don ya bi waya, shi ne ya ƙone, mai lamba TCM3105, wanda aka daɗe da daina ƙera shi, sai suka ba mu shawarar mu zubar da komai mu sayi na'urar da ke aiki da layin salula. Wanda ya ga yadda layukan sadarwa suka ɗauke a Sudan a watan Fabrairun 2024 ba zai ɗora shan ruwan gonarsa a kansu da sauƙi ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne ka tambayi abin da akwatin yake faɗa kafin ka yi maganar kuɗi. Ka bayyana mana cewa yana magana ne da tsohon tsarin Bell 202, wanda ke da amo biyu kacal: na hatz 1200, wato mai kaɗawa sau 1200 a daƙiƙa, yana nufin ɗaya, na hatz 2200 yana nufin sifili, ana sauya su har sau 1200 a daƙiƙa, abin da ke ba da kimanin harafi 120 a daƙiƙa. Na yi dariya da jin wannan tafiyar hawainiya, sai ka nuna mini cewa duk saƙon tankin bai cika layi ɗaya na rubutu ba. Tun da akwatin ɗakin babur lafiyarsa ƙalau, abin da ake bukata kawai shi ne wanda zai rera amon nan biyu daidai yadda tsohon kunnensa ya saba ji.

Ka ɗauko ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ATmega328P, irin wadda ke cikin allon Arduino Uno, mai gudun megahatz 16, ka rubuta mata manhajar da ke zaune a cikinta. Na zauna a bencinka kwana biyu ina kallo, kuma ko da yake ni malamin lissafi ne na makarantar sakandare kafin in koma gona, ban taɓa ganin lissafi ya zama sauti a gabana ba sai ranar. Ka ajiye jadawalin lambobi 256 da ke zana zagaye ɗaya na igiyar amo, ka sa agogon cikin guntun ya buga sau 62,500 a daƙiƙa, a kowane bugu ana ƙara wani adadi a kan ma'ajin ƙirga mai cika a 65,536, shi kuma ya nuna lambar da za a ɗauko daga jadawalin. Idan ana son amon ƙasa sai a riƙa ƙara 1258, idan na sama ne 2307. Abin da ke fita daga ƙafar guntun bugun wuta ne mai kaifi, sai resista da kafasita su goge shi ya yi laushi, sannan ya ratsa ƙaramar tiransifoma kafin ya hau waya.

Gwajin farko bai yi ba, kuma ba ka ɓoye mana ba, ko da yake da ka yi shiru babu wanda zai gane a cikinmu. Ka nuna mana a gilashin na'urar awo cewa amon 1200 yana kammala zagaye ɗaya cif a cikin kowane ɗigon saƙo, wato kowane ɗaya ko sifili da aka aika, na 2200 kuwa zagaye ɗaya da biyar bisa shida yake yi, saboda haka idan manhaja ta koma farkon jadawali a duk sauyi, igiyar tana karyewa, mai karɓa ya ruɗe. Gyaran shi ne a bar ƙirgar ta ci gaba daga inda take, a sauya girman takun kawai. Haka kuma ka kula da cewa 62,500 ba ta rabuwa da 1200 ba tare da saura ba, domin amsar 52 ce da ɗaya bisa sha biyu, don haka ka sa a ƙara bugu ɗaya a kowane ɗigo na sha biyu. A nan ne na tabbatar hannun da muka ba wa aikinmu ya san abin da yake yi.

Muna kuma gode wa ƙaramin almajirinka da ya bi wayar a ƙafa cikin rana, ya gano wurare biyu da ta yi tsatsa, ya ɗaura mata kariyar tsawa a kowane ƙarshe. Ka karɓi ladan da muka yi ciniki tun farko ba tare da ƙari ba, ka ba mu guntu na biyu da aka riga aka zuba wa manhajar, tare da rubutaccen kwafinta da zanen haɗin, waɗanda yanzu suke cikin akwatin takardunmu. Tun ranar da aka ɗaura shi, babur yana tashi idan tanki ya yi ƙasa, yana tsayawa idan ya cika.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya jiƙan mahaifa. Buhun albasar farko na wannan kaka yana nan tafe zuwa ƙofar warsha.

Wassalam,
Magatakardan manoman rijiyar, Kasala