Minsharin maigidana ya fara ba ni tsoro

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka na wannan shiri.

Ni matar aure ce a Jega. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Minshari dai tun aurenmu yake yi, har yara na tsokanarsa. Amma tun da ya yi ƙiba, wuya ya cika, abin ya sauya. Sai ya yi ta ja, can kuma ka ji ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Yakan wuce daƙiƙa 10 a haka, sannan ya zabura yana haki kamar wanda aka tsamo daga gulbi. Da safe ciwon kai da bushewar baki, da rana gyangyaɗi ana tsakar hira. Mutumin da ke riƙe sitiyari a hanyar Yauri zuwa Kontagora!

Da ya je asibiti kan hawan jini, likita ya ce naman maƙogwaro ne ke saki cikin barci ya toshe hanyar iska, kuma hakan na ƙara hawan jinin. Ya ce a yi gwajin barci, in abin ya yi tsanani a haɗa shi da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci duk dare. To Likita, da irin wutar lantarkinmu, za ta yi aiki da batirin sola? Shi da rabin kwanansa a mota ne fa?

Ita kuwa Inna, mahaifiyarsa, ta kafe cewa beli ne, a kira wanzami ya cire. Ni dai jikina bai ba ni ba, aska a maƙogwaron magidanci mai hawan jini. Amma suruka ce, bakina ba ya iya musu da ita.

Na fara tokare masa baya da matashi don ya kwanta ta gefe, na rage masa mai a miya. Ya ɗan yi sauƙi, sai dai tsayawar numfashin tana nan. Na kuma ji ana yin wata roba ta baki mai turo haɓa gaba. Da wanne za mu fara? Kuma ta yaya zan shawo kansa ya bar tuƙin dare kafin a yi gwajin, alhali kullum cewa yake lafiyarsa lau, ni ce mai neman magana?

Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronku daga Jega, Jihar Kebbi.