Shotar tsohuwar kyamara wanki take so, a daina fesa mata mai

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu sha'awar tsofaffin kyamarorin fim, musamman masu ma'aunin nisa, waɗanda ake saita su ta haɗa hoto biyu su zama ɗaya a tagar leƙe. Mun ji daɗin yadda matasa suka sake rungumarsu. Abin da ke ɗaga mana hankali shi ne, da marufin haske, wato shota, ya fara nauyi, sai a ɗauko WD-40 ko man keken ɗinki a antaya masa. Kyamarar da wankin yini guda zai tayar, sai ta koma sai an warware ta ɗai-ɗai, wani lokacin ma ta tafi ke nan.

Shotar waɗannan kyamarori iri biyu ce. Akwai mai ganye, wadda ke zaune a cikin gilashin gaba, kamar Compur ta Jamus da Copal ta Japan. Irinta ce a Canonet da Yashica Electro 35. Akwai kuma mai labule biyu na ƙyalle da ke gudu dab da fim, kamar ta Leica M3 ta 1954, da Zorki da FED na Tarayyar Sobiyet.

Ita mai ganye, ganyayenta, waɗanda yawanci biyar ne, a bushe ƙarau aka yi su su yi aiki. Sirara ne ƙwarai kamar takarda, kuma sifirin ɗin da ke tura su ba shi da wani ƙarfi, don haka ɗigon mai ɗaya ya isa ya manne su. Man da ake gani a kansu daga giris ɗin zoben saita nisa yake tsiyayowa bayan shekaru da zafi. A kwance zoben gaba mai ɗauke da suna da guntun roba mai kamu, a cire gilashin gaba da sifana mai baki biyu, a sa gudu, wato tsawon lokacin da shota ke zama a buɗe, a kan B (inda take zama a buɗe muddin ana danne da maɓalli), a buɗe ƙofar haske, wato ramin da ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga, gaba ɗaya. Sai a jiƙa tsinken auduga da man laita, wato nafta, jiƙewa kaɗan ba sharkaf ba, a shafi ganyayen a hankali ta inda suka kwanta kan juna. In aka bi ta kishiyar kwanciyarsu, audugar za ta ɗaga bakin ganye ta lanƙwasa shi. A ɗana, a harba, a goge da sabon tsinke, a yi ta maimaitawa har auduga ta daina fitowa da datti. A yi aikin nesa da wuta, a wuri mai iska.

Kada a yi saurin murna. Muddin nafta ba ta bushe ba, shota za ta yi ta harbawa kamar sabuwa. A bar ta ta kwana. In da safe ta sake nauyi, to man yana can ƙasa a zoben da ke juya ganyayen, kuma babu makawa sai an fito da shotar an zare su ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki hoto da waya kafin a taɓa komai, domin jerinsu yana da ƙa'ida. Da matsefata ake ɗaukarsu. Gumin yatsa yana barin tsatsa da ba ta fita. In an ga wasu siraran zobba a ƙarƙashin gilashi, a mayar da su yadda suke, su ne ke sa abin da ke nesa ya fito tas.

In kuma saurin sama yana lafiya amma gudun daƙiƙa 1, da na rabin daƙiƙa, da na kwatan daƙiƙa suna jan ƙafa, laifin na ɗan injin jinkiri ne, mai tayoyi masu haƙora irin na agogo. Lafiyayye yana ba da ƙara ɗaya santal. Mai datti sai ya yi ta yankewa, ko ya tsaya shota a buɗe. A cire shi, a wanke cikin nafta, ya bushe. A shota mai ganye, nan ne kaɗai mai ke da gurbi: man agogo irin Moebius 8000, abin da bakin allura zai ɗauka, a kan ƙusoshin da tayoyin ke juyawa. Haƙoran a bar su a bushe. Maɓallin ɗaukar kai kuwa, wato mai jinkirta harbi domin mai kyamara ya shiga hoto, a ƙyale shi har sai an gama wanki, domin in ya maƙale a tsakiya yana kulle shotar baki ɗaya.

Mai labule ta fi son haƙuri. Labulen farko ya buɗe, na biyu ya bi shi ya rufe, tsagar da ke tsakaninsu ita ce ke ba fim haske. A gudun 1/1000 na daƙiƙa faɗin tsagar nan bai wuce kusan milimita 2 ba. In na farko ya yi nauyi, na biyu ya kamo shi kafin su ƙetare, sai gefe ɗaya na hoto ya fito da duhu. Nan da yawa ke garzayawa su ƙara wa sifirin ƙarfi, kuma wannan kuskure ne da muke jin zafinsa ƙwarai. Sifirin ba kasafai yake gajiya ba. Tsohon giris ne ya daskare a sandunan da labule ke naɗuwa. Ɗaure sifirin a kan datti yana tsinka siraran ɗamarun da ke jan labule, ya kuma cinye birki. A fara wanke sandunan, a ɗiga man agogo a bakinsu, sannan in har da saura, a juya notin ƙasa mai ƙara wa sifirin ƙarfi kwata-kwatan zagaye, ana rubuta yawan juyin domin a iya komawa.

A duba labulen kansa. A cire gilashi, a shiga ɗaki mai duhu, a haska tocila ta gaba, a duba labule ɗaya kafin ɗanawa, ɗayan kuma bayan an ɗana. Huda ɗaya ko biyu, wadda sau da yawa rana ce ta ƙona ta cikin gilashin da aka bari ba murfi, ana toshe ta da ɗigon baƙin fentin yadi a bakin tsinke, a bar shi kwana guda kafin a naɗe. In haske ya fito birjik kamar taurari, robar ƙyallen ta mutu, sai sabon labule. Kada sufa gulu ya kusanci wurin, yana sandarar da ƙyalle ya karye.

Masu Zorki 4 da ire-irenta, don Allah a ɗana shota kafin a canza gudu. Juya maɓallin ba tare da ɗanawa ba yana iya lanƙwasa ko karya ɗan ƙarfen da ke zaɓar gudun.

Wajen gwaji, a naɗi ƙarar shota da waya a auna tazarar buɗewa da rufewa. Wannan yana aiki daga daƙiƙa 1 zuwa wajen 1/30. Na sama kuwa, a saka fim guda, a ɗauki farin bango a kowane gudu ana sauya ƙofar haske daidai da shi. In hotunan suka fito da haske iri ɗaya daga gefe zuwa gefe, a ɗaure notuna a rufe.

Mun gode da ba mu wannan dama.

Naka,
Wasu masu gyaran tsofaffin kyamarori